Kyaftin George Pollard: Abin da Kundin Dangi Ya Riƙe da Abin da Ya Bari

Idan aka tattara abin da takardun garinsu suka ajiye game da George Pollard, ba zai cika rabin shafi ba. An haife shi a watan Yulin 1791 a tsibirin Nantucket da ke jihar Massachusetts ta Amurka. Sunan mahaifinsa George, shi ma kyaftin ɗin jirgin ruwa ne. Mahaifiyarsa Tamar, 'yar gidan Bunker ce. Ya auri Mary Riddell a watan Yunin 1819. Allah bai ba su haihuwa ba. Ya rasu a watan Janairun 1870 yana da shekara 78. Wanda ya karanta wannan kaɗai zai ɗauka wani bawan Allah ne da ya yi rayuwarsa a natse ya koma ga Mahaliccinsa. Alhali jirage biyu ne suka halaka a hannun mutumin nan, ya yi fiye da wata uku a cikin ƙaramin kwale-kwale a tsakiyar Tekun Pasifik, kuma yunwa ta kai shi ga cin naman ɗan'uwansa na jini.

Duk da gajartar waɗannan layuka, ni a ganina ba a fahimtar abin da ya sami Pollard sai da su. Kalma guda a cikinsu, wato sunan gidan su mahaifiyarsa, Bunker, ita ce ke buɗe nauyin labarin gaba ɗaya. Kafin mu kai can sai mun san irin garin da ya haife shi da irin sana'ar da ta cinye samartakarsa.

Sana'ar ita ce farautar ƙaton halittar tekun nan da ake kira wel. Mutane kan ce masa kifi, amma haihuwa yake yi yana shayarwa, yana kuma tasowa saman ruwa ya shaƙi iska, kamar dai ayu. Irin wanda mutanen Nantucket suka fi bi shi ne mai ƙaton kai, wanda namijinsa kan haura ƙafa hamsin. Kitsensa ake narkawa a sami man fitila da na shafa wa injuna, a cikin kansa kuma akwai wani farin mai da ake yin kyandir mai tsada da shi. Kafin a haƙa rijiyar man fetur a Pennsylvania a 1859, wannan mai ne ke haska titunan birane da gidajen masu hali. Ba daga kan babban jirgi ake farautar ba. Idan mai tsaron saman jirgi ya hango feshin ruwa, sai a sauke kwale-kwale, mutum shida a kowanne, su yi ta tuƙi har su matso jikin dabbar, a caka mata mashi mai igiya, ta ja su da gudu har ta gaji, sannan a kashe ta. A kan jirgi ake feɗe ta, a soya kitsen a manyan tukwanen ƙarfe da aka gina wa murhu na bulo, a ɗura man a ganguna.

Babu albashi a aikin. Kowa da kasonsa cikin abin da aka samo: kyaftin kan ɗauki wajen kashi ɗaya cikin goma sha biyar, sabon shiga kuwa kashi ɗaya cikin kusan ɗari biyu, shi ma sai an cire bashin tufafi da tabar da ya ci a hanya. Tafiya guda takan ci shekara biyu zuwa uku. In an dawo da ganguna cike, kowa ya dara. In an dawo wayam, an yi wahalar banza.

Nantucket kuwa gari ne da kusan kowa ɗan'uwan kowa ne. A 1659 wasu Turawan Ingila 'yan ƙalilan, cikinsu har da Tristram Coffin da Thomas Macy, suka sayi tsibirin daga hannun Thomas Mayhew, duk da cewa akwai mutanen Wampanoag da ke zaune a wurin tun fil azal. Zuriyar waɗannan gidaje, Coffin da Macy da Starbuck da Folger da Gardner da Bunker, suka yi ta auratayya a tsakaninsu har jini ya cakuɗe. Zuwa 1820 mutanen garin sun kai dubu bakwai, jiragen farautarsu sun haura saba'in. Akasarin manyan gari mabiya ɗariƙar Kwaika ne, Kiristocin da suka haramta wa kansu yaƙi da zub da jinin mutum da caca. Maza suna teku, mata ke riƙe da gida da kasuwa, har titin Centre ya yi suna da shagunan mata. A irin wannan gari sanin wane ɗan wane ba abin hira ba ne kawai. Da shi ake ba saurayi gurbi a jirgi, da shi ake ɗaga shi zuwa mataimaki, da shi mai jirgi ke yanke shawarar wanda zai damƙa wa dukiyarsa. Wanda ya zo daga wajen tsibirin, ko daga Cape Cod ne da ke maƙwabtaka, baƙo ne, kuma suna da sunan raini da suke kiransa da shi.

Saboda haka ne garin ya ƙware wajen ajiye nasaba. Mafi shahara cikin kundayen shi ne na Eliza Starbuck Barney, wadda ta rayu daga 1802 zuwa 1889, ta rubuta sunayen mutum fiye da dubu arba'in da hannunta: wane ya haifi wane, wa ya auri wa, yaushe ya rasu. Yau kundin yana hannun ƙungiyar tarihi ta Nantucket, an kuma ɗora shi a intanet. Ban da shi akwai rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta hukumar gari, akwai littafin tafiya da babban mataimakin kyaftin ke cikawa kullum, inda ake rubuta iska da alkibla da adadin gangunan mai, akwai kuma jerin ma'aikatan jirgi da dokar Amurka ta wajabta miƙa wa kwastan tun 1803, mai ɗauke da suna da garin haihuwa da tsawo da launin fata. Kowace takarda da abin da aka yi ta dominsa. Ta kwastan don hukuma, ta jirgi don masu jari, ta nasaba don gado da aure.

Pollard ya yi shekaru a jirgin Essex yana mataimaki ƙarƙashin Kyaftin Daniel Russell kafin masu jirgin, Gideon Folger da Paul Macy, su ba shi ragama a 1819. Shekararsa 28. Jirgin tsoho ne, ya shekara ashirin a ruwa, tsawonsa ƙafa 87, amma ana masa kallon mai ƙashin arziki. Ranar 12 ga Agusta suka tashi su ashirin da ɗaya, wata biyu kacal da ɗaurin aurensa da Mary, 'yar wani mai sana'ar igiyar jirage. Babban mataimakinsa Owen Chase ne, mai shekara 22 zuwa 23, na biyu Matthew Joy. Ƙaramin yaron jirgi Thomas Nickerson, ɗan shekara 14. Cikin samarin akwai wani Owen Coffin. Mahaifiyarsa Nancy, ita ma 'yar gidan Bunker ce, 'yar'uwar Tamar uwa ɗaya uba ɗaya. Ashe ke nan Nancy innar kyaftin ce, Owen kuma ƙaninsa ne. Mahaifin yaron ya riga ya rasu, uwar ta sa shi a jirgin yayansa don ya koyi sana'a a hannun na gida. Amana ce aka damƙa.

Kwana biyu zuwa uku da tashi guguwa ta kwantar da jirgin a gefensa, ta lalata musu kwale-kwale. Pollard ya so su koma gida a gyara. Chase da Joy suka ce a ci gaba, ya bi ra'ayinsu. Wannan abu ya kamata mai karatu ya riƙe, don zai sake faruwa. Suka biya ta tsibiran Azores da na Kap Bad da ke gaɓar Afirka ta Yamma, inda suka sayi aladu, suka zagaya ƙasan Amurka ta Kudu suka shiga Pasifik. A gaɓar Ekwado mutum guda, Henry DeWitt, ya gudu. A tsibiran Galapagos suka loda ɗaruruwan manyan kunkuru don guzuri, sannan suka nausa yamma zuwa wani fagen farauta da ba a daɗe da ganowa ba, nesa ƙwarai da kowace gaɓa.

Ranar 20 ga Nuwamban 1820 Pollard da Joy suna can suna bin garke a kwale-kwalensu, Chase kuma ya dawo kan jirgi yana facin nasa. Sai wani ƙaton namiji, wanda Chase ya ƙiyasta tsawonsa ƙafa 85, ya tunkaro jirgin ya buga masa kai. Ya wuce, ya juyo, ya sake dukan gaban jirgin da ƙarfin da ya farfasa katako. Cikin mintuna ruwa ya cika shi. Da Pollard ya iso ya ga jirginsa a kwance, sai ya zube a kwale-kwale ya kasa magana na ɗan lokaci, kafin ya tambayi Chase abin da ya faru.

Nan ne aka yi shawarar da ta halaka mutum goma sha biyu. Suna da nisan kusan mil dubu biyu daga Amurka ta Kudu, kuma iska daga can take busowa. Tsibiran Marquesas suna yamma da su da wajen mil 1,200, Tahiti ta fi haka nisa amma iska na bayansu. Pollard ya ce a nufi yankin Tahiti. Mataimakansa suka ce sun ji mutanen tsibiran nan masu cin naman mutum ne, gara a gangara kudu a nemi iskar da za ta kai su Chile. Ba su san cewa masu wa'azin Kirista daga Ingila suna zaune a Tahiti tun 1797 ba. A karo na biyu kyaftin ya ajiye ra'ayinsa ya bi nasu. Ana gudun gara aka faɗa gidan zago.

Ban ga amfanin zaman alƙalanci a kan mutumin da ke tsaye a ruwa har gwiwa shekara ɗari biyu da suka wuce ba. Amma gaskiya ce cewa sau biyu hankalinsa ya nuna masa daidai, sau biyu taushin halinsa ya hana shi tsayawa a kai. Halin da ya sa yaransa ke ƙaunarsa shi ne ya kai su ga halaka.

Yadda aka raba mutum ashirin ɗin cikin kwale-kwale uku abin dubawa ne da kyau, domin a nan nasaba ta fara aikinta. Kyaftin ya ɗauki akasarin 'yan garinsu: Owen Coffin da abokansa Charles Ramsdell da Barzillai Ray, da Obed Hendricks. Chase ya sami Nickerson da Benjamin Lawrence. Joy, wanda dama ba shi da lafiya, shi aka bar wa baƙi zalla, huɗu daga cikinsu baƙar fata. Bayan wata guda suka faɗa wani tsibiri da ba kowa, Henderson, suka kwana bakwai har suka cinye tsuntsaye da ƙwan da ke wurin. Mutum uku suka zaɓi zama a can, Thomas Chappel ɗan Ingila da Seth Weeks da William Wright, dukansu ba 'yan Nantucket ba. Sauran sha bakwai suka koma ruwa ranar 27 ga Disamba.

Joy ya rasu ranar 10 ga Janairu, aka sa gawarsa a teku, Hendricks ya koma ya karɓi kwale-kwalensa. Ba a jima ba guguwa ta raba Chase da sauran. Da abinci ya ƙare wa kwale-kwale biyun da suka rage tare, sai mutane suka fara mutuwa, masu rai suna cin gawar. Lawson Thomas ne na farko, sai Charles Shorter, sai Isaiah Sheppard, sai Samuel Reed. Dukansu huɗun baƙar fata ne. Daga nan kwale-kwalen Hendricks ya ɓace cikin dare, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, da shi da Joseph West da William Bond. Ya rage saura mutum huɗu a na kyaftin, dukansu 'yan gari ɗaya, sun san iyayen juna.

Ranar 6 ga Fabrairun 1821 Ramsdell, yaro matashi, ya kawo shawarar a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa a kashe shi sauran su rayu. Pollard ya ƙi da farko, daga baya ya yarda. Ta faɗa kan Owen Coffin. Yadda Pollard ya ba da labarin da bakinsa, ya zabura ya ce wa yaron in bai yarda da ƙuri'ar ba, zai harbe duk wanda ya fara taɓa shi. Yaron ya ce ya yarda da rabonsa kamar yadda zai yarda da kowane rabo. Aka sake jefawa don fitar da wanda zai harba, ta faɗa kan Ramsdell, abokin wasansa tun suna yara. Owen ya ba da saƙo a kai wa mahaifiyarsa, ya kwantar da kansa a bakin kwale-kwale. Bayan kwana biyar Ray ma ya mutu. Ranar 23 ga Fabrairu jirgin Dauphin, shi ma na Nantucket, ya tsinci Pollard da Ramsdell kusa da gaɓar Chile suna tsotsar ƙasusuwa, ba su ma gane an zo ceton su ba. Kwana biyar kafin nan wani jirgin Ingila ya tsinci Chase da Lawrence da Nickerson. Mutum ukun da ke Henderson an ɗauko su a watan Afrilu. Takwas suka tsira cikin ashirin.

A nan ne kundin dangi ke nuna amfaninsa. Wanda bai san cewa Tamar da Nancy 'ya'yan ɗaki ɗaya ba ne, zai karanta labarin a matsayin kyaftin da ma'aikacinsa. Wanda ya sani zai ga yaya da ƙani, zai ga amanar inna da ta salwanta a hannun wanda aka ba. Zai kuma gane abin da ke jiran Pollard a gida. Ya iso Nantucket ranar 5 ga Agustan 1821, an ruwaito cewa jama'a sun cika bakin gaɓa, suka dare masa hanya ba wanda ya ce uffan. Shi da ƙafarsa ya je wurin Nancy ya isar da saƙon ɗanta. Nickerson ya rubuta cewa ta kusa zaucewa, kuma ya ji an ce har abada ba ta iya zama wuri ɗaya da kyaftin ba. A ƙaramin tsibiri kuwa, inda jana'iza da ɗaurin aure duk na dangi ne, ina mutum zai ɓuya wa innarsa?

Abin mamaki, Pollard bai bar littafi da hannunsa game da wannan masifa ba. Muryarsa ta iso mana ne ta bakin wasu. A daren da aka cece shi, wani kyaftin mai suna Aaron Paddack ya saurare shi ya rubuta abin da ya ji. Chase ya fitar da littafinsa a ƙarshen 1821, kuma kamar kowane mai ba da labarin kansa, bai tsaya kan cewa shi ne ya juya ra'ayin kyaftin ba. Nickerson ya rubuta nasa a 1876 yana tsoho, rubutun ya ɓace kusan shekara ɗari, aka tabbatar da sahihancinsa a 1980, aka buga a 1984. Sai a lokacin ne masu tarihi suka ga fili cewa Pollard ya so komawa gida bayan guguwar farko. Shekara ɗari da sittin mutum na ɗauke da hoton da mataimakinsa ya zana masa, sai shaidar yaron jirgi ta zo ta gyara.

Garin bai juya masa baya nan take ba. Kyaftin George Worth, wanda ya dawo da shi gida a jirgin Two Brothers, shi ya ba da shawarar a damƙa masa jirgin. Wata uku da dawowa ya sake fita, kuma Nickerson da Ramsdell suka bi shi. Wannan shaida ce da ta fi ta takarda ƙarfi a wurina: yaron da ya ja kunamar bindiga a gabansa ya yarda ya sake shiga ƙarƙashinsa. A 1822 wani matashin hafsan sojan ruwa, Charles Wilkes, ya haɗu da shi ya tambaye shi yadda ya iya komawa teku, ya amsa masa da karin maganarsu cewa aradu ba ta faɗa wa wuri ɗaya sau biyu. Ranar 11 ga Fabrairun 1823, cikin dare da hadari, Two Brothers ya hau kan duwatsun ƙarƙashin ruwa a French Frigate Shoals, arewa maso yamma da Hawai. Nickerson ya ce kyaftin ya tsaya kamar wanda aka dasa, da ƙyar aka shigar da shi kwale-kwale. Wannan karon ba wanda ya mutu, jirgin Martha da suke tafiya tare ya kwashe su washegari. A hanyar komawa ya gamu da wani mai wa'azi, George Bennet, a tsibirin Raiatea, ya ba shi labarin Owen, ya tsaya a tsakiya ya ce kansa na ci da wuta in ya tuna. Ya kuma ce ba mai jirgin da zai sake yarda da shi, don kowa zai ce mai ƙashin tsiya ne. Haka kuwa aka yi. A 2008 masu binciken kayan tarihi na gwamnatin Amurka suka gano ragowar jirgin, da ƙugiyarsa da tukwanen soya kitse da kawunan mashi, aka sanar a 2011.

In aka ajiye shafin Pollard kusa da na Chase, sai a ga yadda kundin nasaba ke iya faɗin abin da littafin tafiya ba ya faɗi. Chase ya yi arziki, ya zama kyaftin mai kaso a jirgin da yake jagoranta. Amma dubi layin aurensa. Ya dawo daga Essex ya tarar da 'yar da aka haifa ba ya nan, Phebe Ann, ta haura shekara. Matarsa ta fari, Peggy, ta rasu a 1824 jim kaɗan bayan ta haifi ɗansu William. Ya auri Nancy Joy, matar abokin aikinsa Matthew Joy da ya mutu a kwale-kwale, ita ma ta rasu. Ta uku ta haihu wata goma sha shida bayan tafiyarsa, ya sake ta a 1840. Ya yi aure na huɗu. Da tsufa ya kama shi sai ya riƙa ɓoye abinci a saman rufin gidansa, hankalinsa ya taɓu, ya rasu a 1869. Ranakun haihuwa da na tashin jirgi kawai za ka jera, ka ga abin da sana'ar ke yi wa gida. Ɗansa William ne ya haɗu da wani matashin ma'aikacin jirgi, Herman Melville, a tsakiyar teku ya ara masa littafin uban, daga nan labarin Essex ya shiga littafin Moby-Dick da Melville ya fitar a 1851.

Sai waɗanda kundin bai san da su ba, kuma wannan ɓangaren ne ya fi damuna. Baƙar fata shida ne a jirgin ranar da ya nitse, ba ko ɗaya da ya tsira. Mutum biyar da aka tsinta da rai a kwale-kwale dukansu 'yan Nantucket ne. Babu wata shaida da ta nuna an kashe baƙaƙen da gangan, kuma bai dace a ƙaga ta ba. Masu bincike sun kawo dalilai: a gaban jirgi suke kwana inda abinci ya fi muni, don haka sun shiga yunwar jikinsu ya riga ya raunana, sannan aka tara su a kwale-kwalen shugaba marar lafiya. Ni ina ƙara cewa mutumin da ke da ɗan'uwa a gefensa yana da mai tashinsa in ya kwanta, mai tuna masa uwa da gida. Ɗan'uwa rabin jiki ne ko a tudu, balle a inda ruwan sha ya koma kurɓi guda a yini. Masu jiragen Nantucket sun koma ɗaukar baƙar fata ne bayan annobar 1763 ta kashe akasarin mutanen Wampanoag da ke tuƙa musu kwale-kwale. Ana buƙatar ƙarfinsu, ba a buƙatar sanin iyayensu. Kundin Eliza Barney, duk da cewa matar tana cikin masu yaƙi da bauta a garin, an gina shi ne a kan tsofaffin gidaje da waɗanda suka yi aure a cikinsu. Baƙon da ya zo ya hau jirgi ya mutu ba shi da reshen da za a rataye sunansa.

Shi ya sa mun san sunan mahaifiyar Owen Coffin da yadda ta ji da labarin, amma Richard Peterson, dattijon da ke jagorantar addu'a a kwale-kwalen Chase, wanda ya ƙi karɓar rabonsa na ƙarshe ya ce a ba wanda zai amfana, abin da ya rage nasa shi ne 'yan layukan da Chase ya rubuta: mutumin jihar New York ne, yana da kimanin shekara sittin, ya bar saƙo ga matarsa. Su ma suna da iyaye mata. Ba a Nantucket suke ba, ba wanda ya je ya tsaya a ƙofarsu. A wannan tsibiri dai, shekara guda bayan dawowar Pollard, wani baƙar fata ɗan gari, Absalom Boston, ya fita da jirgin Industry da ma'aikata baƙar fata zalla, ya dawo da kowa da ransa. Shi an san kakanninsa da 'ya'yansa, domin danginsa sun zauna a garin sun mallaki ƙasa, takarda ta kama su.

Pollard ya ƙare rayuwarsa yana gadin dare. Yana zaune a titin Centre, yana zagaya gari da doguwar sanda mai ƙugiya a kai, yana kora yara gida in ƙarfe tara ta yi. A idonsa gobarar 1846 ta cinye tsakiyar garin, samari suka tsere neman zinariya a Kalifoniya a 1849, tashar jiragen garin New Bedford ta ƙwace kasuwa saboda yashin da ya toshe bakin tashar Nantucket ya hana manyan jirage shiga, kananzir ya zo ya kashe farashin mai. Mutanen tsibirin da suka kai dubu tara a 1840 suka koma dubu huɗu a 1870. Jirgin farauta na ƙarshe, Oak, ya bar tashar a ƙarshen 1869, 'yan makonni kafin rasuwarsa. Melville ya zo garin a 1852 ya gan shi suka yi 'yar magana, daga baya ya rubuta cewa a wurin mutanen tsibirin ba kowa ba ne, amma shi bai taɓa haɗuwa da mutumin da ya yi masa kwarjini kamarsa ba, ga kuma tawali'u.

Da yake bai bar ɗa ba, reshensa a kundin nasaba ya tsaya a kansa. Abin da ya rage na zamansa na gida ya fito ne daga bakin Joseph Phinney, wanda ya san gidan yana yaro. Ya tuna shi gajere mai jiki, mai fara'a, mai son abinci mai daɗi, yara na son sa. Ya tuna Mary tana kwantar da shi a kan teburin kicin tana auna shi in za ta ɗinka masa sabon wando. Ya kuma tuna cewa duk shekara, ranar 20 ga Nuwamba, kyaftin yakan shiga ɗakinsa ya kulle ƙofa, ya yini bai sa komai a bakinsa ba.